An ɗora mini rubuta tarihin Baba, ga shi gidanmu ya rabu a kansa

Salama. Ni malamar makaranta ce a Gombe. Babanmu ya yi barci cikin Ubangiji wata takwas da suka wuce. Mutumin ƙasar Kaltungo ne, ya yi aikin malamin gona har ya yi ritaya, kuma ya daɗe yana dattijo a majami'armu ta ECWA. Shi ne mai buga ƙarfen addu'ar safe tun kafin a haife ni, har ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Lokacin jana'iza cikin dare ɗaya aka rubuta tarihinsa. An ce a 1928 aka haife shi, alhali takardarsa ta aiki ta ce 1936. Abin da ya fi ciwo, an rubuta cewa ya bar 'ya'ya bakwai, aka tsallake babbar Yayarmu da Yayanmu namiji, 'ya'yan matarsa ta fari wadda ta rasu kafin ya auri Mama. Tun ranar Yaya ba ta sake taka gidan ba. Ƙanin Baba, wanda Musulmi ne a Kumo, shi ma ba a ambace shi ba, ga shi kwana bakwai ya yi zaune da mu ana karɓar gaisuwa. Yanzu muna shirin sujadar godiya da ɗora dutsen kabari idan ya cika shekara, saura wata huɗu. Ƙannena maza suna son babban biki da anko da kalanda. Mama ba ta cewa uffan. An ce tunda ni ce malama, in rubuta tarihin. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi kada mu sake ɓata wa wani rai?

Wata 'yar'uwa daga Gombe

Amsa

'Yar'uwa, salama a gare ki. Ubangiji ya ta'azantar da ku duka, ya ƙara wa Mama ƙarfi.

Wata huɗu sun ishe ki, in dai kin kama aikin ta inda ya kamata. Iyalai da yawa daga wurin mai buga takarda da mai dafa abinci suke farawa, sai ana saura mako ɗaya a tuna ba a tambayi kowa komai ba. Abin da ya same ku a jana'iza ke nan, kuma mai gawa a gida ba ya cikin natsuwarsa, kowa ya san haka. Wannan karon ki fara da mutanen da suka san Baba tun kafin ku san shi, sannan takardu, sannan rubutu. Madaba'a da tukunya su jira.

Kafin ki rubuta ko layi ɗaya, ki je wurin Yaya. Da ƙafarki za ki je, kada ki yi ta waya, kada kuma ki tura saƙo a rukunin WhatsApp na iyali. Ki fara gaya wa Mama cewa za ki je, don kada ta ji a bakin wani. Ki ɗauki babba ɗaya wanda Yaya take jin nauyinsa, kuma ga dukkan alama Baffanku na Kumo ne ya fi dacewa, domin shi ya san mahaifiyarta, shi ma kuma an tsallake shi, don haka tafiya ɗaya za ta ɗinke wuri biyu. Ki riƙe takardar jana'izar a hannu, ki nuna mata layin, ki ce, "Yaya, mun yi kuskure, mun zo ki yafe mana." Kada ki shiga bayanin gaggawa da wanda ya rubuta da wanda bai duba ba. Duk bayanin da za ki yi a ranar, a kunnenta kare kai ne. Abin da ta karanta a waccan takarda shi ne an share uwarta daga rayuwar ubanta a gaban jama'a, kuma wannan ba ƙaramin miki ba ne ga macen da ta tashi ba uwa.

Idan ta saurare ki, ki roƙe ta abu uku: cikakken sunan mahaifiyarta da garinsu, lokacin da aka yi auren da lokacin rasuwar gwargwadon saninta, da hoto in akwai. Ki gaya mata gaskiya cewa ba za ki iya rubuta tarihin ba sai da ita, domin ita ce ta ga Baba yana da ƙuruciya, ku kun same shi ya manyanta. A cikin littafin a jera 'ya'ya tara bisa haihuwa, Yaya a sama, ba tare da raba su ɗaki-ɗaki ba. A rubuta auren fari a matsayinsa cikin labarin, da sunan marigayiyar da girmamawa, sannan auren Mama. Kuma tunda a bainar jama'a aka yi kuskuren, a bainar jama'a za a gyara: ranar sujada, wanda zai karanta tarihin ya faɗi da bakinsa cewa Baba ya bar 'ya'ya tara, ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya su miƙe. Idan Yaya ta ƙi ku a zuwan farko, ki koma bayan mako biyu. Ko da ba ta zo taron ba, sunanta da na uwarta su fito daidai.

Shirun Mama kuma kada ki ɗauka yarda ce. Gwauruwar da ta yi shekaru masu yawa da miji sau da yawa takan yi shiru ne don ta ga 'ya'ya sun karɓe maganar, ana lissafin kuɗi a kanta ba a tambaye ta. Ita ce shaidarki ta farko, kuma muryarta za ki fara ɗauka a waya tun wannan makon. Bayanta sai tsofaffin da suka fi rauni. Ki zauna ki rubuta sunayen mutum goma zuwa goma sha biyu: Baffa, gwaggonni in suna raye, tsaran Baba a ƙauye, dattawan da suka zauna majalisa tare da shi, tsofaffin Zumuntar Mata, wani fasto da ya yi aiki a majami'arku da daɗewa, wani da suka yi aikin gona tare, da ɗaya ko biyu cikin yaran da ya riƙa a gidansa. Ki jera su bisa shekaru da lafiya, mafi tsufa a farko, ko da shi ne mafi nisa. Watan farko gaba ɗaya na wannan ne.

Yadda ake hirar yana da muhimmanci. Mutum ɗaya a lokaci ɗaya, domin in kin haɗa tsofaffi biyu, ƙaramin zai yi ta cewa "haka ne" ko da ya san ba haka ba ne. Ki je da hantsi, lokacin da tsoho ya karya kumallo bai gaji ba, kuma kada ki je hannu rabbana. Sukari ko sabulu ko goro ya isa. Ki sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ɗauka, ki ajiye ta a kan matashi ko tsumma kamar kamu biyu daga bakinsa, nesa da janareta da fanka. Ki nemi izini kafin ki kunna. Da kin kunna, ki fara faɗin sunansa da garin da kwanan wata. Minti arba'in ya isa zama ɗaya. Gara ki dawo sau biyu da ki matse shi awa biyu. Wanda ya fi sakewa da Tangale, a bar shi ya yi da Tangale, ki nemi mai fassara daga baya. Abin da mutum zai faɗa da harshen da ya sha a nono ya fi wanda zai faɗa da Hausar coci zurfi.

Kada ki tambayi kowa "yaya halin Baba yake?" Amsa ɗaya za ki samu daga bakin mutum goma sha biyu: mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai son zaman lafiya. Gaskiya ne, amma haka aka rubuta a kan kowane dattijo da aka binne a Gombe ta Kudu, kuma jikan da zai karanta nan da shekara ashirin ba zai ga kakansa a ciki ba. Ki tambayi abin da ya faru. Wa ya koya masa karatu, a ina, da wane littafi? Me iyayensa suka ce ranar da ya fara zuwa sujada? A wane rafi aka yi masa baftisma, wa ya yi masa? Me yake yi da albashinsa ranar da ya karɓa? Su wa suka taɓa zama a gidansa suna makaranta? Wace rigima ya taɓa sasantawa? Yaushe kika ga ya yi kuka? Ki tambayi Mama abin da yake yi daren Asabar, da waƙar da yake rerawa in yana aski ko gyaran keke. Ki bi maganar ƙarfen nan na addu'ar safe har ƙarshenta: ƙarfe nawa yake tashi, da me yake duba lokaci kafin ya mallaki agogo, ƙarfen ƙararrawa ce ta gaske ko tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a bishiya, wa ya riƙe masa ranakun da ya yi tafiya, wa ya miƙa wa sandar ranar da ƙafa ta gaza. Idan tsoho ya yi shiru, kada ki cike shirun da wata tambaya. Ki ƙirga goma a zuci. Yawanci abin da ya fi daraja bayan shirun yake fitowa. Ki rubuta kowace hira a takarda cikin makon da kika yi ta, tun kina tuna abin da hannu da fuska suka nuna.

Yanzu shekarar haihuwa. Kada ki zaɓi 1928 don ta fi daɗin faɗa, kada kuma ki rungumi 1936 don tana kan takardar gwamnati. Mutanen zamanin Baba da yawa ba a rubuta haihuwarsu ba. Sai da aiki ya zo aka je kotu aka yi takardar rantsuwar shekaru, wani bisa kintace, wani kuma da ragi, tunda a aikin gwamnati shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki ake ritaya. Ba abin kunya ba ne, kuma ba abin da za a tattauna a littafin tunawa ba ne. Katin baftisma ma ba zai raba gardama shi kaɗai ba, domin a ECWA sai mutum ya yi girman da zai shaida bangaskiyarsa da bakinsa ake yi masa baftisma, don haka ranar da ke kan katin ba ta kusa da ranar haihuwa. Amfaninsa shi ne ya ba ki tabbatacciyar shekara ɗaya da za ki auna sauran da ita.

Hanyar da ke aiki ita ce ki ɗaura rayuwarsa a kan abubuwan da aka san shekarunsu. Sojojin da suka je Burma a yaƙin duniya na biyu sun dawo gida wajen 1946, an kuma yi husufin rana a watan Mayun 1947. In an haife shi a 1936, a lokacin yaro ne ɗan shekara goma ko sha ɗaya mai bin awaki. In 1928 ce, saurayi ne da ya isa riƙe gonarsa, wataƙila har an rubuta shi a haraji. Tazarar nan babba ce, kuma Baffa ko wani tsaransa zai iya gaya miki wanne ne. Sai ki ci gaba: an kafa ECWA a 1954, Sarauniyar Ingila ta zo Nijeriya a 1956, 'yancin kai 1960, jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam da sule a 1973, aka yi jihar Bauchi a 1976, jihar Gombe a 1996. A kan kowanne ki tambaya: ya yi aure a lokacin? Wa aka haifa? A wane gari yake aiki? Ki kuma lissafa 'yan ɗakinsu bisa haihuwa. In Baffa ya san shekarunsa, kuma mutum biyu ne tsakaninsa da Baba, to da tazarar shekara biyu zuwa uku tsakanin haihuwa da haihuwa kin kusa isa. Ki tuna a tambayi waɗanda suka rasu suna jarirai, don su ma suna cikin lissafin.

Idan duk wannan ya kai ki tsakanin shekaru biyu ko uku, ki rubuta "wajen 1932" ko duk inda lissafin ya tsaya, ki ƙara jimla ɗaya mai cewa ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, iyali sun kintata ne daga shaidar tsaransa. Kada a ƙirƙiro rana da wata. Ɗaya ga Janairu da ake gani a takardu da yawa cike gurbi ne kawai.

Takardun da za ki nema ba su da yawa. Na farko Littafi Mai Tsarki na Baba. Iyayen wancan zamani a shafukan farko da na ƙarshe suke rubuta haihuwar 'ya'ya da rasuwar dangi, wani lokaci har da ranar aure, kuma ayoyin da ya ja wa layi za su nuna miki wadda ta dace da bangon littafin fiye da duk wadda za ku zaɓa da ka. Littafin waƙoƙinsa in kin ɗora shi a tafin hannu zai buɗe da kansa a inda ya fi buɗewa. Sannan ki duba akwatinsa: katin baftisma, takardar aure, takardar ɗaukar aiki da ta ritaya, katin zakka, wasiƙu. A majami'a ki roƙi Fasto da sakatare su duba miki rijistar membobi da littafin zaman dattawa, don a san shekarar da aka fara zaɓensa da sau nawa aka sake. Littafin zaman dattawa yana ɗauke da asirin mutane, don haka kada ki nemi a ba ki shi. Ki rubuta tambayoyinki, su ciro miki amsa. Idan a ƙauye aka yi masa baftisma, can rijistar take, in gara ba ta cinye ba.

Yana da kyau ki sa rayuwarsa cikin tarihin wurin da layi biyu ko uku. 'Yan mishan na SIM (ƙungiyar mishan ɗin da ECWA ta fito daga cikinta), John Hall da Gordon Beacham, sun sauka Kaltungo a 1917, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932. Ke nan Baba ya tashi ne a lokacin da waɗanda suka fara karɓar bishara a ƙasar Tangale suke raye, mai yiwuwa a hannun ɗayansu ya koyi karatu. In kin samo sunan wannan malamin, ki rubuta shi. Amma kada ki ce wani Bature ne ya yi masa baftisma sai kin ga kati ko mutum biyu da ba su haɗa baki ba sun faɗa. Wannan ƙa'ida ta shaidu biyu ki riƙe ta a kan duk wani babban zance: shi ya kafa majami'a kaza, shi ya ba da fili, shi ne na farko da ya yi kaza. Irin waɗannan jimloli su ne ke jawo wani iyali su taso bayan taro su ce kakansu ne.

Wajen rubutu, ki yi guda biyu. Dogo na littafi, kalma 1,200 zuwa 1,500, da gajere na karantawa a sujada, kalma 600, wanda zai ɗauki kamar minti biyar. Ki bi rayuwar yadda ta zo: asali da iyaye, karatu da tuba, aure, aiki da garuruwan da aka kai shi, hidimar ikilisiya, tsufa da rashin lafiya a taƙaice, sai waɗanda ya bari. Duk halin da kika ambata, ki biyo shi da aiki ɗaya da ido ya gani. Maimakon "mai aminci ne a hidima", ki ce shekara kaza yana tashi kafin asuba ya buga ƙarfe, da damina da hunturu, ki faɗi wanda ya gaje shi. Maimakon "mai son zumunci", ki faɗi yadda yake zuwa Kumo gaisuwar Sallah, Baffa kuma ya zo masa Kirsimeti, in haka suke yi. Sunan Baffa ya shiga cikin waɗanda ya bari, da laƙabinsa yadda ake kiransa, Malam ko Alhaji.

Idan Baba mai zafi ne a tarbiyya, kamar yawancin iyayen zamaninsa, kada ki mai da shi mala'ika, 'ya'yan da suka sha bulala suna zaune a layin gaba. Jimla ɗaya ta gaskiya cikin ladabi ta isa, kuma za ki ga yadda majami'a za ta amsa. Abin da ya shafi rigimar gado, ko horon coci, ko laifin wani mai rai, ba wurinsa ba ne. Da kin gama, ki karanta wa Mama da babbar murya, sannan Yaya, sannan Baffa, kafin sauran su gani. Abin da ɗayansu ya ce a cire, ki saurari dalili da kyau. Ki ba 'yan'uwa mako ɗaya na gyara, da ranar rufewa, in ba haka ba har daren taro ana turo miki ƙari.

Da Hausa za ki rubuta, tunda da ita Baba ya yi sujada. In akwai jikoki a Legas ko Abuja da ba sa karanta ta, a sa taƙaitawar Turanci shafi ɗaya a baya.

Ga abin da ke lalacewa a wurin bugu. Littafin da aka naɗe takardar A4 biyu aka ɗinke da ƙusa a tsakiya, shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya: 12, 16, 20. Shafi 16 ya ishe ku: tsarin sujada da waƙoƙi, tarihi shafi biyar ko shida, jerin 'ya'ya da jikoki, hotuna, godiya. Girman harafi kada ya gaza 12, masu karatun da yawa tsofaffi ne. Ciki a yi da takarda mai giram 80, ko mai santsi giram 135 in hotuna sun yi yawa, bango kuma kati mai giram 250 zuwa 300. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma akwati ko alamar tambaya in mai bugu ya canza salon harafi a kwamfutarsa, don haka ki kai masa aikin a PDF, kuma ki ce sai kin ga kwafin gwaji a takarda kin sa hannu kafin ya buga sauran. Mutum biyu su duba gwajin, ɗaya sunaye kawai, ɗaya shekaru kawai. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba yana raguwa, ya fito dishi-dishi. A tura shi ta maɓallin Document. Tsofaffin hotuna a yi musu sikanin a kan 300 dpi, ƙaramin hoton fasfo 600. Wanda ya manne da gilashi kada a ɓamɓare shi, a ɗauke shi yadda yake a inuwa ba tare da filasha ba. Kada a yi wa asalin hoto ko katin baftisma laminatin, zafin yana lalata su kuma ba ya ciruwa. Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto launi sukan sauya kamannin fuska; in Mama ta duba ta ce ba shi ba ne, a bar baƙi da farin. Ku buga kwafi ɗaya ga kowane gida, ba kowane kai ba, ku ware hamsin na ajiya. Aikin ya isa madaba'a ana saura mako uku.

Dutsen kabari ya fi littafi wuyar gyara, don haka kada a sassaƙa komai sai an gama maganar shekara. Ku fara neman izinin masu kula da maƙabartar. Kabarin da damina ɗaya ta wuce a kansa ƙasarsa ta zauna, in ba ta zauna ba daɓen zai tsage. Kankaren ya zama kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da rodi a ciki, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai. Tayil yakan ɓamɓare da zafin rana, fenti kuma ya koɗe cikin 'yan shekaru; ƙaramin allon dutse da aka sassaƙa rubutun a jikinsa ya fi daɗewa. Suna, shekaru, aya ɗaya. Ki rubuta wa mai sassaƙa da manyan haruffa, ki je ki duba zanen kafin ya sa guduma.

Ki ga Fasto tun wannan watan, don kowace majami'a da tsarinta a kan irin wannan sujada, kuma kalandar coci takan cika da taron Zumuntar Mata da na matasa da bukukuwan aure. Asabar ta fi, saboda ma'aikata da kuma dangi Musulmi da Juma'a za ta riƙe. Sujadar kada ta wuce awa biyu. Masu shaida biyar, minti uku-uku: Yaya ko Yayanku namiji a madadin 'ya'ya, jika ɗaya, dattijo ɗaya, wani da ya riƙa, da Baffa in ya yarda. In Baffa ba zai shiga majami'a ba, kada a matsa masa. A ba shi magana a gida lokacin cin abinci, a tanadi tabarma da buta a gefe, a kuma ba Musulmi ya yanka dabbar don kowa ya ci hankali kwance.

Ƙannenki ba su yi laifi ba da suke son a yi abin a gani, ta haka suke nuna ƙaunarsu. Amma ku zauna ku tara, da Yaya a ciki, ku fara cire kuɗin maganin Mama da abincinta na shekara, sannan dutse, sannan littafi, abin da ya rage shi ne na biki. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana ciyar da mutum 250 zuwa 300 in dafa-duka ce, ruwan leda kuma ashirin ne a jaka, mutum 300 a kan biyu-biyu jaka 30 ke nan. Anko ya zama ganin dama, kada wata gwaggo ta ci bashi ko ta ƙi zuwa don ba ta da shi. Kalanda shekara ɗaya take yi a bango. In kuɗin bai kai duka biyu ba, littafin ya fi. Kuɗi ya shiga asusu ɗaya, mutum biyu su riƙe lissafi, a sa shi a rukunin iyali kowane ƙarshen mako.

Bayan taro, ki kai kwafi biyu na littafin ofishin majami'a, ɗaya kuma majami'ar ƙauyen da ya fito. Muryoyin da kika ɗauka kada su kwana a wayarki kaɗai: ki sa wa kowanne sunan mai magana da kwanan wata, ki zuba su a filas biyu, ɗaya a wurinki ɗaya a wurin Yaya, ki kuma ɗora kwafi a intanet. Littafi Mai Tsarki na Baba da littafin waƙoƙinsa su zauna a ɗakin Mama muddin tana raye, ku kuma amince tun yanzu a rubuce a kan wanda zai riƙe su bayanta. Kafin baƙi su watse, ku tsara wanda zai kwana da ita makon farko da na biyu, domin ranakun da suka biyo bayan taro sukan yi wa gwauruwa nauyi fiye da ranar kanta.